Dabinon da Na Ƙi Azawa a Igiyar Kawu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za a koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya wata Litinin da hantsi, a tsakiyar zafin bazara, cikin gidansa da ke nan Tawa. Bai wahalar da kowa da jinya ba. Ya sha kunu, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kishingiɗa a rumfa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ranar farko ta dangi ce. Mutanenmu na Kalfu sun cika gida, maza a waje ƙarƙashin rumfa, mu mata a ciki kewaye da matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo suna girgiza kai, suna cewa Majo ya tafi. Haka ake kiransa tun yana babban ma'aikacin jinya a gidajen likita na ƙauye, kuma ko da ya ajiye aiki sunan bai ajiye shi ba. Wata tsohuwa ta ce allurarsa ba ta da zafi. Wata ta ce ƙarya ne, da zafi, sai dai yakan sa ki dariya har ki manta. Aka yi ɗan murmushi, aka koma jan carbi.

A rana ta biyu baƙi suka fara shigowa, mutanen da ba wanda ya san su a cikinmu. Ta farko wata Buzuwa ce daga wajen Takanamat, siririya, ƙafafunta sun yi futu-futu da ƙurar hanya. Ta durƙusa gaban Inna, ta kwance bakin lulluɓinta, ta ɗauko dabino ƙwaya ɗaya tak ta sa mata a tafin hannu. Hausarta ba ta da yawa. Ta ce, “Na zamna igiyar Majo.” Ta shafa fatiha ta fita, ko ruwa ba ta tsaya sha ba.

Bayanta wata ta zo da dabino biyu, wata da uku. Ƙanena ya leƙo daga waje ya ce akwai wani direban mota, ƙaton mutum, da ya zube dabino a tabarmar liman, yana kuka har maza sun rasa inda za su sa idonsu. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta tafa hannu ta ce, “Ikon Allah! Wace irin gaisuwar mutuwa ce wagga, dabino ɗai-ɗai kamar ana buɗa baki?” Inna kuwa tana ta tara su a gefen zanenta. Ni kuwa na sunkuyar da kai, domin na san abin da ake nufi. Ni ma na zauna a igiyar nan, sai dai na tashi ban gama ba, kuma na tashi da rashin kunya.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ba na son a tuna Kawu da allura kawai.

Dogo ne, marar jiki, mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Yana da wani tsohon agogon hannu da ya fi ni shekaru. In ka miƙa masa hannu don gaisuwa, sai ka ji ya riƙe maka wuyan hannu yana duban agogon, yana ƙirga bugun jininka, alhali bakinsa na tambayar lafiyar gida. Mun sha tsokanarsa cewa ko ranar ɗaurin aurensa sai da ya auna waliyyin amarya. Sai ya ce, “Awo, kuma na iske shi da zazzaɓi.”

Dab da zai ajiye aiki aka aika shi Yamai wani horo a kan ciwon firgita, irin wanda ke kama mutumin da ya ga abin tashin hankali ya tsira da ransa amma hankalinsa bai baro wurin ba. Mun zaci zai dawo da wata na'ura. Da ya dawo sai ya wuce kasuwa ya sayi igiyar kaba. Gari ya ɗauka: an aika Majo Yamai ya dawo da abin ɗaure akuya.

Ya ce a can an koya musu a shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a aza dutse a kan kowane mugun abu da ya same shi, a aza fure a kan kowane abin daɗi. “Dutse kam,” in ji shi, “ƙasarmu ta Adar ba ta roƙon kowa. Amma hure? Wa kunka taɓa gani a Tawa ya ba wani hure don shina murna?” Sai ya musanya fure da dabino.

A zaurensa yake yi, bayan ya sa an rufe ƙofa. Bakin igiya ɗaya ranar haihuwarka ce. Ɗaya bakin ba ya warware shi, yana barin shi a naɗe, ya ce wannan sauran kwanan da Allah bai nuna maka ba ne. Kai za ka jera duwatsunka da dabinonka da hannunka. Daga nan, mako bayan mako, ku bi igiyar tun daga farko, ba tsallake. In an iso dutse ba ya bari a ce “abin ya faru” a wuce. Sai ya tambayi rana, ya tambayi inda kake tsaye, abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji, warin da ke wurin, da abin da cikinka ya yi. In ya ga jikinka ya ɗauki rawa, sai ya ce ka taka ƙasa da ƙafa biyu, ka ja numfashi, ka faɗa masa launin hularsa. Sannan ya tambaya, “Can kake ko nan?” Ba ya sallamar mutum sai tsoron ya hau ya sauko a gabansa. Yana rubuta komai a kaye, irin littafin ƴan lakwal, wato makarantar boko, in ka dawo ya karanta maka ka gyara. In an tashi sai ya ce, “Dutse a bar shi nan, dabino a tahi da shi a ciki.”

Na taɓa tambayarsa amfanin tono abin da aka binne. Ya ce ai ba a binne ba, matsalar ke nan. Ya ce duk abin da ya samu mutum yana da ranarsa da watansa, yana zaune a baya. Amma abin firgita yakan shigo kai ba rana ba wata, shi ya sa kullum yake zama yau. “Aikinmu mu ba shi ranarshi, shi koma cikin ƴan'uwanshi.”

Ba kowa yake zaunarwa a igiya ba. Wanda ya ga yana bukatar ƙwaya yakan aika shi wurin likita a asibiti, ba ya jin kunyar cewa wannan ya fi ƙarfinsa. Wani kuma da ƙafa yake yi masa magani. Direban nan mai kuka, bayan wani haɗari da ya yi, ko ƙarar inji ba ya iya ji. Kawu ya riƙa raka shi tasha da safe. Makon farko daga nesa suke tsayawa wurin mai shayi. Sannu a hankali suka matsa kusa, har ya taɓa ƙofar mota, har ya zauna a kujerar direba motar na kashe. Ranar da ya tada inji, Kawu ne fasinjansa na farko, ya zauna a gaba yana cin gyaɗa har Affala, ba abin da zai yi a can.

Da limamin unguwa kuwa kullum suna cikin gardama, ga su aminai. Liman ya ce, “Majo, kai ba ka barin bayin Allah su yi haƙuri?” Kawu ya ce, “Malam, ƙurji bai jin ‘yi haƙuri’, sai an huda. Ni in huda, kai ka yi addu'a.” Sai ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, “Amma hwa ba a huda shi sai ya nuna.” Daga baya liman da kansa ya riƙa turo masa mutane.

To, ga nawa.

Ni malamar lakwal ce. A lokacin an tura ni wani ƙauye bayan Affala. Ina da ƴaƴa biyu: ɗiyar fari mai shekara bakwai, da jariri a goye. Duk Bahaushiya ta san yadda ake yi da ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yabonsa, ba ki nuna ke kika haife shi. Ni “ke” nake ce mata, ko “waccan”. A hannun mahaifiyata ta tashi a Kalfu, sai a shekarar na ɗauko ta don in sa ta aji a lakwal ɗinmu.

Da aka ba da hutu, damina ta riga ta faɗi. Muka shiga wata buɗaɗɗiyar mota za mu Tawa. A hanya akwai gebe, irin kwarin nan da ke bushe duk shekara, sai an yi ruwa a tudu ya cika cikin ƙiftawar ido. Direba ya duba ya ce zai wuce. A tsakiya inji ya mutu. Ruwa ya zo.

Ni da jariri muka fita. Ita sai washegari aka same ta can ƙasa, cikin saiwar wata bagaruwa.

A zaman makoki ban yi kuka ba. Mata suka yi ta yabona, suna cewa ga mai kara, ga mai dauriya, ɗiyar fari ce ai. Na karɓi yabon. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ruwa ya ci ta, haka Allah Ya so. Amma akwai abin da hannuna ya yi cikin ruwan nan, wanda ban faɗa wa mijina ba, ban faɗa wa mahaifiyata ba, ko a sujada ban iya furta shi.

Aka maido ni aiki cikin gari. Shekara uku na yi a haka. Da rani lafiyata lau, ina koyarwa, ina faɗa da ƴan aji kamar kowa. Amma da hadari ya haɗu, ƙanshin ƙasa ya taso, sai in ji ruwa a ƙirjina. Ba tunawa nake ba, a ciki nake. Ko ruwa aka juye da ƙarfi a tano, gangar da muke tara ruwa, sai in gan ni cikin gebe. Wata rana aka yi tsawa ina tsakiyar darasi, da na dawo hayyacina sai na gan ni ƙarƙashin tebur, yara sun yi tsit suna kallona. Ɗana kuwa, da na ga gari ya yi duhu, nakan ɗaure hannunsa da bakin zanena, yana kuka yana kallon sa'o'insa na wasa a ruwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ƙasar da ake fita roƙon ruwa, ni a zuciyata roƙo nake kada ya sauko, alhali mijina na da gona a Kalfu. Allah Ya yafe mini. An yi mini rubutu na sha, an yi hayaƙi, duk na gode, amma gebe bai sake ni ba.

Kawu ne ya gano. A wani taron suna hadari ya taso, na je gaishe shi, ya riƙe wuyan hannuna ya dubi agogo. Ya daɗe. Sannan ya ce a hankali, yadda ba wanda zai ji, “Ɗiyata, jikinki na can cikin gebe har yanzu.”

Da fari ya ƙi zaunar da ni da kansa. Ya ce wanzami ba ya yi wa nasa ƙaho da kyau, hannu ne ke rawa. Ya ce in je wurin wata ma'aikaciyar jinya, ƴar Damagaram da aka turo nan, wadda shi ya fara koya wa igiya, ta kuma yi karatun abin fiye da shi. Na ce ni ba zan buɗe cikina gaban ƙanwar bayana ba, in ba shi ba, ba kowa. Ina da taurin kai, kowa ya shaida. Sai ya ce to.

Ranar Laraba da yamma muke zama, tun da ba lakwal. Ranar farko na jera. Dabino huɗu: kakata da ke dama mini fura a ƴar ƙwarya tawa ni kaɗai, ranar da na ci jarrabawa, aurena, haihuwar ɗana. Duwatsu uku: ƙunar da na yi ina yarinya, rasuwar mahaifina, sai wani babba mai kaifi da na zaɓo daga ƙasan kwando na aza kusa da ƙarshe. Ya dubi igiyar, ya dubi tazarar da ke tsakanin aurena da haihuwar ɗana, wuri fayau ba komai. 

Makonni uku muka yi muna tafiya. Wallahi ya yi amfani. Rasuwar mahaifina da nake tsammanin na gama da ita, sai da na faɗe ta daki-daki na ji na sauke wani kaya. Nakan fito zauren ina tauna dabino, ina jin yunwa, abin da na daɗe ban ji ba.

A mako na huɗu muka iso tazarar. Na ɗaga hannu zan wuce zuwa haihuwar ɗana. Sai Kawu ya sa hannu a kwano, ya ɗauki dabino, ya aza a wurin da kansa. Ya ce, “Nan anka haihi...” ya kira sunan yarinyar. Cikakken sunanta, a gabana.

Na ji kamar an mare ni. Na miƙe tsaye na ce, “Kawu, tsuhwa ne ya cire maka kunya ko Yamai? Ni za ka kira wa sunan ɗiyar hwari?”

Mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, shi na faɗa wa haka. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗiyata, kin ba ta dutse kin hana ta dabino. Shekara bakwai ta yi a duniya, ba rana ɗaya ba.”

Na sa ƙafa na shure dabinon, ya gangara har bakin ƙofa. Na ɗauki mayafina na fita.

A gida na ce Kawu ya ci mutuncina, ya keta al'ada. Mahaifiyata ta goyi bayana, har ta yi kwanaki ba ta gaishe da wanta. Yau da ba ya nan zan faɗi gaskiya: ba kara ce ta tashe ni ba. Karar labule ce na samu na ɓuya a bayanta. Na san in na yarda da dabinon, sai na faɗi yadda take dariya, kuma daga dariyar ba nisa zuwa ga hannun nan nawa.

Bayan wata guda sai ga shi a ƙofar gidana da rana tsaka, dattijo ya tako wurin ɗiyar ƙanwarsa. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce, “Na zo ba ki haƙuri. Na huda bai nuna ba. Hannunki ya kamata shi aza, ba nawa ba. Tun hwarko ma da ban amshe ki ba, son ki ya sa ni gaggawa.” Ya ɗan tsaya, ya ce, “Igiyarki na nan. Kaba ba ta ruɓewa da wuri.”

Me na ce? Na ce, “To, Kawu.” Na kawo masa ruwa. Shi ke nan abin da na iya.

Damina biyu suka wuce a haka. Ina zuwa gaisuwar Salla, in durƙusa daga bakin zaure. Bai sake riƙe mini wuyan hannu ba, kuma na ji zafin hakan fiye da yadda zan iya faɗa. In zan tashi sai ya ce, “Tana nan.” Ganina da shi na ƙarshe, mako biyu kafin rasuwarsa, ya dubi gabas ya ce, “Damana ta kusa hwa, ɗiyata.” Na ce sai an gama jarrabawar yara zan zo. Na yi niyya kuwa, Allah Ya sani. Amma ban zo ba, kuma wannan nadamar da ita zan mutu.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, Inna ta kira ni zaurensa. A bango akwai ƙusoshi a jere, inda yake rataye ƴan jakunkunan da take ɗinka masa da ƙyallen atamfa, kowane mai zama da tasa. Duk ƙusoshin fayau suke, domin wanda ya gama yakan tafi da jakarsa da kayensa. Jaka ɗaya ce ta rage. Ta sauko da ita ta zazzage a tabarma: igiya, duwatsuna uku, kaye, da dabino. Na ɗauki ɗaya na matsa, sai na ji shi da laushi.

Inna ta ce, “Da ƙwari sun huda sai shi sake sabbi. Watan jiya ma ya aike ni kasuwa.”

Na ƙirga. Biyar ne.

Na buɗe kayen. Ga rubutunsa mai kwanciya, ga labarina har zuwa aurena. Bayan nan ya bar shafuka fari fat. Inna ta ce, “Yac ce in Allah Ya yi mishi rasuwa, in ba ki, in ce ki tahi wurin yarinyar nan ta gidan likita. Yac ce kada in matsa miki.” A nan na yi kukan da ban yi a makoki biyu ba. Inna ta bar ni, ta ci gaba da naɗe igiya.

Larabar da ta biyo na je. Yarinyar da na raina ta tarbe ni a wani ɗan ɗaki bayan wurin awo, ta rufe ƙofa. Da ta ga jakar sai idonta ya cika, ta ce, “Madam, ɗinkin Inna ne.” Ta shimfiɗa igiya, na jera duwatsu uku da dabino huɗu. Na biyar yana cikin tafina. Ba ta dube shi ba, ta zauna da alƙalami a hannu. Mun fi rabin awa a haka, har dabinon ya jiƙe da gumi. Sannan na miƙa hannu na aza shi a tazarar.

Ranar ba mu taɓa dutse ba. Na ba ta labarin naƙudar da na yi a ɗakin mahaifiyata. Na faɗa mata yarinyar na da wushirya, tana lasar alli in ba na kallo, tana ƙirga awaki da Faransanci ta tsallake bakwai kullum. Na faɗa mata wata rana ta ce mini, “Madam, ke ce innata ko?” a gaban ƴan aji, na kore ta da bulala, ita kuwa tana dariya. Ƴar Damagaram na rubutawa, sai ta tambaya, “Wa zan rubuta?” Na faɗa mata.

Mako na gaba, ina kan hanya, gabas ta yi baƙi. Na tsaya bakin titi, ƙafata na cewa in koma. Na tuna dogon mutumin nan zaune a gaban mota yana cin gyaɗa. Na ƙarasa.

Muna isa babban dutsen, sai ruwa ya sauko a kan kwanon rufi. Ta ce, “Madam, a hankali. Ina kike tsaye?” Na ce a bayan mota, ruwa ya kai mini ƙirji. Hannun dama na riƙe da ƙarfen mota, na hagu na riƙe da yarinya. Ta ce me nake ji a jikina. Na ce sanyi, da yashi a baki, da majanyi yana kwancewa a bayana. Na ji jaririn na zamewa. Ta ce, “Sai me ya faru?” Na ce, “Sai na sake ta. Na saki hannunta na tare shi. Ba ruwa ya ƙwace ta ba, ni na buɗe hannuna.”

Na jira ta ce in yi haƙuri. Ba ta ce ba. Ta sa na taka ƙasa da ƙafa biyu, na ja numfashi, sannan ta maida ni wurin, na sake faɗa, na kuma sakewa. Daga baya ta tambaye ni hannu nawa gare ni a ranar, da ƴaƴa nawa, da abin da zai faru da na saki ƙarfen motar a maimako. Ta bar ni na ba kaina amsa. Ruwa na ta zuba. Can na lura ina jin ƙararsa a kan kwano, sama da kaina, ba a ƙirjina ba. Ta ce, “Madam, can kike ko nan?” Na dubi ɗankwalinta mai ruwan ganye. Na ce, “Nan.”

Ba zan ce na warke sarai ba, Kawu ba ya son ƙarya a kaye. Mun ƙara zama da yawa, kuma har yau in hadari ya haɗu tsoro kan taso mini. Amma na faɗa wa mijina, ya ce ai ɗan da na tare shi ma shi ya haife shi. Kuma ranar sadakar arba'in ɗin Kawu an yi ruwa da yamma, na tsaya a bakin ƙofa na kwance bakin zanena, ɗana ya fita da gudu cikin yara.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sa duwatsun da ya taya bayin Allah ɗauka su yi nauyi a mizaninsa. Ya ba Inna haƙuri. Ni kuma, Kawu, ka yafe mini abin da bakina ya faɗa da abin da ƙafata ta shure. Dabinonka na biyar na ci shi, ya yi zaƙi. Sauran abu ɗaya da ka nema ban ba ka ba, ga shi, a gaban kowa.

Sunanta Ramatu. Shekararta bakwai, tana da wushirya. Ni na haife ta.